Baba yana dawowa daga wankin ƙoda a galabaice, mu daina ne?

Wata 'yar'uwa ta turo tambaya a kan mahaifinta mai shekara sittin da ɗoriya. Yana da hawan jini da ciwon suga tun da daɗewa, ƙodarsa ta gaza, wata huɗu kenan ana masa wankin ƙoda, wato inji ke tace masa jini a madadin ƙodar, sau biyu a sati, wani satin ma sau ɗaya in kuɗi bai samu ba. Duk ranar wanki sai ya dawo gida a galabaice, ga jiri ga ɗaurewar ƙafa, bayan kwana biyu kuma ƙafar ta sake kumbura, ga ƙaiƙayi, ga zazzaɓi mai zuwa yana tafiya. Dangi sun fara cewa injin ne yake ƙarasa shi, a daina a koma na gargajiya. Tana son ta sani ko haka ne, da kuma abinda ya kamata su riƙa ba shi yana ci.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya yasa kaffara ne, ku kuma Allah ya biya ku ɗawainiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen wankin ƙoda, abinda zan faɗa miki abinda muke fama da shi ne kullum, amma duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da yake riƙe da fayil ɗin Baba toh ki bi likitan.

A taƙaice dai, a'a, kar ku daina. Ba injin ne yake cinye shi ba. Ki yi lissafi da kanki: sati ɗaya awa 168 ne, ƙoda mai lafiya duk awannin nan aiki take ba dare ba rana. Baba kuma awa huɗu sau biyu ake masa, awa 8 kenan, saura awa 160 yana gida a hannunku. Ko wanda ake wa sau uku a sati, wanda shi ne ƙa'ida, abinda injin ke yi masa ɗan kaɗan ne daga aikin ƙoda, bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Toh mafi yawan wahalar da kike gani ranar wanki, a cikin awa 160 ɗin nan aka tara ta, a kofi da kwano.

Kuma wannan magana ta cewa duk wanda aka ɗora a inji ya gama yawo, na san inda ta samo asali. Mutanenmu ba sa zuwa sai abu ya ci ƙarfi, an zaga kemis, an sha jiƙo, sai mutum ya fara amai da shaƙuwa ya fita hayyacinsa a kawo shi tsakar dare, a yi wanki biyu uku kuɗi ya ƙare, ya rasu, sai a ce injin ne. Alhali mutum na farko da aka fara ɗorawa a wankin ƙoda na dindindin a garin Siyatul na Amurka a 1960, Clyde Shields, sai da ya ƙara shekara 11 a duniya, da injinan wancan zamanin ma. Haka maganar wai jiki yana sabawa da wanki, in an fara ba a iya dainawa. Ba sabo ba ne. Ciwon ƙoda iri biyu ne, akwai na farat ɗaya, kamar wanda ke biyo bayan amai da gudawa mai tsanani ko zubar jini wajen haihuwa ko jijjiga ko maleriya mai zafi, wannan sau da yawa wanki kaɗan ake yi ƙodar ta farfaɗo a sallami mutum. Akwai kuma wanda suga da hawan jini suka yi shekaru suna ci a hankali har ƙodar ta mutu, irin na Baba kenan bisa bayaninki, wannan ba ya dawowa. Wanda kika ji an ce ya sha kaza ya warke ya daina wanki, kusan kullum mai irin na farko ne, da ma ƙodarsa za ta tashi ko ya sha ko bai sha ba.

Yanzu maganar ruwa, nan ne zan fi daɗewa don nan ne matsalarku take.

Duk mai wanki akwai nauyin da likita ya tsayar masa, wato nauyinsa na asali in babu ruwan da ya taru a jiki. Shi ya sa muke ɗora shi a sikeli kafin wanki da bayan wanki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. In Baba ya bar wajenmu da kilo 60 ya dawo da 65, toh ba ƙiba ya yi ba, ruwa lita biyar ya kawo mana, kuma awa huɗu kawai gare mu mu cire. Injin daga cikin jini yake zuƙar ruwa, shi kuma ruwan da ya taru yawancinsa yana cikin tsoka da ƙarƙashin fata da huhu, sai a hankali yake tsattsafowa ya shigo jijiya. Kamar rijiya ce, in ana jan guga da sauri fiye da yadda take ɓuɓɓugowa sai ki ga ta ƙafe alhali ƙasa cike take da ruwa. Abinda ke faruwa da shi kenan, jijiya ta bushe, jini ya faɗi, sai jiri da gumi da hamma da tashin zuciya, ƙafa ta ɗaure yana ihu, mu rage gudun injin mu ƙara masa ruwan gishiri don jinin ya tashi, kinga an koma gidan jiya, ya tafi gida da sauran ruwa a jiki kuma a galabaice. Abinda ake so kar saurin cirewar ya wuce mililita 13 a kowane kilo a awa ɗaya, ga mai kilo 60 wajen lita uku kenan a awa huɗu, kuma ko ita ukun ma iyaka ce ba abin nema ba. In zai riƙa zuwa da ƙarin kilo biyu ko biyu da rabi wallahi zaki ga bambanci tun satin farko.

Yadda ake lissafin abin sha: ki samu roba mai awo a tara fitsarinsa na awa 24, abinda ya fita ki ƙara masa rabin lita, wato ledar fiya wata ɗaya. In ya yi fitsari rabin lita, abin shansa na yini lita ɗaya kenan, leda biyu. Kuma in na ce abin sha ba ruwa kawai nake nufi ba, koko da kunu da shayi da fura da romon farfesu da miya mai ruwa-ruwa da kankana da ruwan da ake haɗiyar magani da shi, har rubutu da ruwan tofi da zamzam, duk a cikin lissafin suke. Ban ce kar a yi addu'a ba, a yi sosai, amma a yi tofin a cikin ruwan da aka riga aka auna masa, ba a kawo jarka daban ba. Ki zuba na yinin a gora ɗaya tun safe kowa a gidan ya san ita ce, in ya sha koko kofi ɗaya a zubar da kwatankwacinsa daga gorar. Lokacin zafi, Maris zuwa Mayu, gumi yana fitar da wani abu don haka likita kan ɗan sassauta, amma sikeli ne alƙali. Ku sayi sikelin gida, ya hau kullum da safe bayan ya kama ruwa kafin ya karya, ki rubuta a littafi.

Sai dai fa hana mutum ruwa alhali ana cika masa gishiri zalunci ne, ba zai iya ba, zai sha a ɓoye ko a buta wajen alwala, mun sha gani. Gishiri ne yake kiran ƙishirwa. Duk abinda zai ci a yini gishirin ciki kar ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma magi kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, don haka wadda ta ce ta daina sa gishiri amma tana jefa dunƙule huɗu a tukunya ba ta yi komai ba. Kilishi, tsire da yajinsa, dambun nama, indomi da sinadarinta, sadin na gwangwani, busasshen kifi mai gishiri, duk a ɗaga musu ƙafa. Kanwa ma haka, cike take da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri. Ki raba masa tukunyarsa, ki gyara ta da albasa da tafarnuwa da citta da ɗan attaruhu da 'yar matsar lemon tsami, sati biyu uku harshe zai saba. In ƙishirwa ta taso ya tsotsi ɗan guntun ƙanƙara, ko ya kurkure baki ya zubar, ko asuwaki. Kuma ki duba sugansa, suga in ya hau shi ma ƙishirwa yake jawowa.

Akwai wani gishiri da ake sayarwa a manyan shaguna wai na masu hawan jini, mai ƙarancin sodiyam. Dan Allah kar ya shigo gidanku. An cire sodiyam ne an maye da wani sinadari da ake kira fotasiyam, shi kuma fotasiyam shi ne abinda ya fi ba mu tsoro a wannan aiki. Ruwa yana ba da sanarwa, zaki ga kumburi, zaki ga haki. Fotasiyam sau da yawa ba ya sallama, mutum yana zaune ana hira zuciya ta tsaya. A jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0, in ya haura 6 an shiga haɗari. Wani lokacin yakan nuna alama, ƙafafu su yi nauyi mutum ya kasa tashi, leɓe da yatsu su riƙa dindiris, bugun zuciya ya ragu ko ya rikice, in kin ga haka ba a jiran gari ya waye. Kuma wanda ake wa wanki sau biyu ko sau ɗaya dole ya fi mai sau uku takatsantsan nesa ba kusa ba, don tazararsa ta fi tsawo.

Abin haushin, duk abinda 'yan dubiya ke kawowa a leda shi ne mai fotasiyam ɗin: ayaba, lemon zaƙi, dabino, gwanda, mangwaro, fiya, ruwan kwakwa. Kunun aya ya haɗa uku a kofi ɗaya, aya da dabino da kwakwa. Sai zogale da alayyahu da ugu, tumatirin gwangwani da na leda, wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, dankali da dankalin turawa da doya da filanten. Duk abinda aka jiƙa da ruwan toka shi ma a bar shi. Ba wai ba zai ƙara ɗanɗana doya ba har abada, akwai dabara: a fere, a yanka ƙanana, a jiƙa a ruwa mai yawa na wasu awanni, a zubar, a dafa a sabon ruwa mai yawa, a sake zubar da ruwan dahuwar, sannan a ba shi kaɗan. Ganye ma a tafasa a tsiyaye kafin a sa a miya. Miyar kuka da busasshiyar kuɓewa a zuba masa daidai wadda za ta wuce da tuwo, ba a yi masa ambaliya ba. Abinda ya fi sauƙi a gare shi su ne farar shinkafa, tuwon shinkafa, tuwon masara da aka surfa, taliya, kabeji, kokwamba, albasa, tuffa, ɗan yankan abarba, amma da awo tunda akwai suga. Kuma ki lura da bayan gidansa, hanji yana taimakawa wajen fitar da fotasiyam in ƙoda ta gaza, mai kwana uku bai zaga ba nasa hawa yake. In cikin ya ɗaure likita ya rubuta masa, kar a saya masa Andrews ko farin ruwan maganin olsa na kemis, akwai maganiziyam a ciki kuma jikinsa ba zai iya fitarwa ba.

Kuskuren da nake gani a kusan kowane gida shi ne hana nama. Kafin a fara wanki gaskiya ne ana cewa a rage, amma da zarar an fara wanki hukuncin ya juye, don injin yana tafiya da wani ɓangare na sinadarin gina jiki duk zama. Yanzu yana buƙatar wajen giram 1 zuwa 1.2 na furotin, wato sinadarin gina jikin nan, a kowane kilo na nauyinsa kullum. Farin ƙwai shi ne sarki a nan, ga araha ga shi ba fosfaras sosai (wani sinadari ne da ke taruwa a jini in ƙoda ta gaza), sai kaza, ɗanyen kifi, jan nama marar kitse. Wanda aka bari da farar shinkafa da koko ramewa zai yi, ƙwayar cuta kaɗan ta kayar da shi, kuma kumburi yana ɓoye ramar sai an cire ruwa ki ga ƙashi. In ya rame kuma dole a sake tsayar masa da nauyin asali, in ya yi ƙiba ma haka, in ba haka ba za mu yi ta jan ruwan da babu ko mu bar wanda yake akwai. Ki tambaya yaushe rabon da a duba wannan.

Abu biyu kuma da zaki tambaya a sashen: wane maganin hawan jini zai sha da safen ranar wanki, wanne zai jinkirta sai an gama, don wasu in an sha kafin a hau inji su ke faɗar da jinin. Kar ki yanke wannan da kanki. Na biyu, in yana yawan faɗuwar jini ana iya ɗan sanyaya ruwan injin zuwa wajen digiri 36 ko ƙasa kaɗan, yana taimakawa. Kuma kar a kai masa kwanon tuwo yana kan inji, jini yana tafiya ciki ne wajen narkar da abinci sai na jiki ya ƙara faɗuwa.

Zazzaɓin nan da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, ni shi ya fi tsaya min a rai. Ba ki faɗi ta ina ake masa wankin ba amma wata huɗu, ina kyautata zaton kateta ce, wato robar da ake zurawa a babbar jijiya a wuya ko a cinya don haɗa shi da inji. Mai kateta in ya yi zazzaɓi, musamman in rawar sanyi ta kama shi ana cikin wanki ko jim kaɗan bayan an gama, mu a wajenmu ƙwayar cuta ce ta shiga jini ta robar har sai gwaji ya nuna ba haka ba. Abinda aka saba shi ne a ce maleriya ce ko taifod a je kemis, a sha magani zazzaɓin ya lafa ya dawo, ita kuma ƙwayar tana can tana bin jini, tana iya sauka a ƙofofin zuciya ko a ƙashin baya. Ki gaya musu a zama na gaba, in ma jikin da zafi yanzu kar ki jira zaman, a ɗebi jini a yi gwajin shuka ƙwayar cuta kafin a fara maganin kashe ta, a duba bakin robar ko akwai ja ko ruwa ko mugunya. Ta cinya ba a so ta wuce kamar sati ɗaya a jiki. Ta wuya ta wucin gadi sati biyu zuwa uku. Wadda ake bi da ita ta ƙarƙashin fata ta fito a ƙirji ita ce ke yin watanni. A gida kar ruwa ya taɓa bandejin, wanka daga ƙasa da wajen, sama kuma a goge da tsumma, babu mai buɗe murfin robar ko ya yi allura ko ƙarin ruwa ta ciki in ba ma'aikacin wanki ba. In ta zame ta fita a danne wajen da tsumma mai tsabta da ƙarfi a taho asibiti, kar a yi ƙoƙarin mayar da ita.

Mafita ta gaskiya ita ce a yi masa fistula a hannu, ƙaramar tiyata ce da ake haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayarwa, sai ta kumbura ta yi ƙwari a riƙa sa allura a ciki, babu wata roba da ke rataye a jiki. Tun 1966 likitoci Brescia da Cimino suka fito da ita a Niyok kuma har yau ba a samu abinda ya fi ta ba. Tana ɗaukar sati shida zuwa wata uku kafin ta nuna, shi ya sa jinkiri ba shi da amfani, kuma kuɗin da za ku kashe a canjin kateta da maganin ƙwayar cuta ya fi nata in an tara. Tun daga yau ku fara tsare hannun da ba ya aiki da shi sosai, yawanci hagu, kar a ƙara ɗibar jini ko sa kanula a damtsen, a yi amfani da bayan tafin hannu. In an yi ta kuma, ba awon jini a hannun, ba agogo ko matsattsen hannun riga, ba kwanciya a kai, ba ɗaukar bokiti. Kullum safe da dare ya ɗora yatsu ya ji tana zirrr, ranar da ya ji shiru a ranar za a zo, don in an yi sauri ana iya ceto ta.

Wani ɓangare na kasalar kuma ƙarancin jini ne. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini, in ta mutu umarnin ya tsaya, ko me zai ci. Shi ya sa ugu da madara ko maltina da madara ko tonik ɗin kemis ba za su yi komai ba sai ƙara masa fotasiyam da fosfaras da suga da ruwa. Maganin shi ne allurar EPO, wadda ke maye gurbin wancan sinadarin na ƙoda, tare da sinadarin ƙarfe da ake sawa ta jijiya lokacin wanki, in babu ƙarfen EPO ɗin asarar kuɗi ce. Ana neman awon ƙarfin jini, wato himoglobin, ya zauna tsakanin 10 da 11.5, wato PCV wajen 30 zuwa 35, ba a so a kai shi na mai lafiya don yana jawo hawan jini da toshewar jijiya. Allurar tana son sanyi, digiri 2 zuwa 8, ba ta son zafi ba ta son daskarewa, toh da halin wutarmu ki saya inda kika tabbatar firjinsu na aiki, ki ɗauko a cikin kula mai ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, ko ki roƙi sashen su ajiye muku. Ƙarin jini kuma sai dole, yana ɗaga mutum nan take amma baya daɗewa, kuma duk leda ɗaya tana iya sa jiki ya ƙera garkuwar da za ta wahalar da dashen ƙoda nan gaba. Tunda ana maganar jini, ki tabbatar an yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B in gwaji ya nuna ba shi da shi, masu wanki ninki biyu ake musu na abinda ake wa sauran mutane.

Ƙaiƙayin yana da alaƙa da wankin da bai isa ba, da bushewar fata, da fosfaras. Shi fosfaras inji ba ya cire shi da kyau, yana taruwa ya zuƙe kalsiyam daga ƙashi ya kai shi jikin jijiyoyi su ƙandare. Yana cikin madara, nono, kindirmo, awara, cuku, kayan ciki, gwaiduwar ƙwai da baƙin lemon kwalba. Nonon raƙumi da ake ta yayi shi ma nono ne, hukuncinsu ɗaya. In an rubuta masa kalsiyam kabonet ko sevelamer, a tsakiyar cin abinci ake sha don ya kama fosfaras ɗin a hanji, wanda ya sha da safe cikin wofi ya yi aikin banza. Man kaɗanya bayan wanka, ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, a yanke farce, lokacin hunturu a ninka shafa man.

Suga kuma zai iya ba ku mamaki. Ƙoda tana cikin masu share insulin daga jini, in ta gaza sai insulin ya daɗe yana aiki, sugan ya riƙa faɗuwa, dangi su ce ai ya warke. Bai warke ba, awon maganin ne ya yi masa yawa yanzu. A magungunan suga, Metformin an daina shi a wannan matakin, Daonil ma haɗari ne. In ya fara gumi da karkarwa da sambatu ki auna, in ya faɗi ki ba shi sukari cokali uku a ɗan ruwa kaɗan, ba lemon zaƙi ba. Maganin ciwon jiki kuwa farasitamol kawai, ban da diclofenac da ibuprofen da Feldene da haɗe-haɗen kemis na gajiya, ban da allurar gentamicin sai da sanin likitan ƙoda. Ɗan fitsarin da ya rage masa dukiya ce babba, shi ke ba shi damar shan leda biyu maimakon ɗaya, waɗannan magungunan da jiƙe-jiƙe su ke ƙarasa kashe shi. Jiƙon gargajiya matsalarsa uku ce a lokaci ɗaya, ruwa ne mai yawa, saiwa da ganye ne cike da fotasiyam, kuma ba wanda ya san me ke ciki balle yadda zai fita daga jikin da ba ƙoda.

Ranar da ya kasa kwanciya sai a zaune yana haki, ko tari da kumfa, ko ciwon ƙirji, ko ya rikice, ko jini ya ƙi tsayawa, ko baƙin bayan gida, asibiti kai tsaye ko ƙarfe nawa ne. Ciwon zuciya ne ya fi kashe masu wanki, kuma an lura abin ya fi faruwa a ƙarshen tazara mafi tsawo. Don haka in sau biyu ne ƙarfinku a raba daidai, Litinin da Alhamis ko Talata da Juma'a, kuma ya cika awa huɗunsa, kar ya ce a sauke shi a awa uku don ya gaji.

Ki kula da zuciyarsa ta ɗaya ɓangaren ma. Dattijon da ya saba shi ke bayarwa yau an wayi gari ana auna masa ruwa a kofi, yana jin ana lissafin kuɗi a tsakar gida, yana ganin wanda suke hira a gadon kusa an daina ganinsa. Da yawansu in sun ce a daina ba jikin ba ne, nauyin da suke ganin sun ɗora wa 'ya'ya ne. Kar ku yi maganar kuɗi a gabansa, kar ku mayar da shi kwance, ranar da ba wanki ya taka zuwa masallaci, ya zauna a majalisarsa. In bacci ya ƙaurace ko ya daina magana ko ya daina cin abinci ki gaya wa likita, ana magance wannan. Azumi kuwa, mai suga da ke kan inji yana cikin waɗanda likitoci ke hanawa, kuma shari'a ta ba mara lafiya rangwame, ku je wajen malami da bayanin likita a hannu ya yi muku bayanin ciyarwa.

Kuɗi na san shi ne gaskiyar maganar. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da asibitin koyarwa na Maiduguri da cibiyar lafiya ta tarayya da ke Azare, sai ku bincika ko akwai na kusa da ku da kuma layin da ke wajen. Ku je ofishin walwala na asibitinku, ku zauna da dangi a yanka wa kowa abinda zai riƙa bayarwa duk wata maimakon a riƙa bara ranar wanki. In satin ya zo babu, kar ku ɓace shiru, ku kira sashen, a ƙalla a auna fotasiyam a gyara magani, a gida kuma a ƙara matse ruwa da abinci. Wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya in ya bar wanki yawanci kwanaki ne zuwa sati biyu, mai sauran fitsari yakan ɗan fi haka. Masu cewa a daina su san abinda suke cewa kenan, kuma in ma za a yi wannan magana Baba ne mai ita tare da likitansa, ba taron dangi ba.

Dashe ana yinsa a ƙasar nan, asibitin St. Nicholas na Legas ya fara a 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002. Ga mai shekarun Baba da suga sai an fara duba zuciyarsa an ga za ta ɗauki tiyata, sai an samu mai bayarwa don Allah wanda jininsu ya dace, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta saye da sayar da sassan jiki, sannan bayan dashen akwai maganin hana jiki ƙin ƙodar da za a sha kullum har ƙarshen rayuwa, shi ma da kuɗinsa duk wata. Ku tambayi likitan ko Baba yana cikin waɗanda za a iya yi wa, amma a wannan satin abinda ke gabanki shi ne gwajin jinin nan na zazzaɓi, da sikeli, da ranar ganin likitan da zai duba hannunsa don fistula.